Ranar da Doyle Ya Yi Wa'azi

A cocin nan na kan tudu a garin Tilden, da wuya ka sami gidan da bai taɓa shan miyar kazar Loretta Pruitt ba. Wasu sun sha ta bayan an yi musu tiyata, wasu bayan haihuwa, wasu kuma ranar da suka dawo daga binne nasu, lokacin da ko ruwa da ƙyar yake wuce maƙoshi. Ita ke riƙe da kwamitin kula da juna tun gashinta yana baƙi wuluk. Ba wanda ya naɗa ta. Matar da ke yi kafin ita ce ta tattara ta koma wajen 'yarta, Loretta kuwa ta ɗora tukunya, shi ke nan aiki ya zama nata. Ta san wanda likita ya hana cin gishiri, ta san wanda ba ya son a tambaye shi yaya jiki, ta kuma san wanda in ya ce ba ya buƙatar komai, to ranar ce ya fi buƙata.

Yawancin 'yan cocin daga wasu coci-coci suka baro, kowa da irin tabonsa. A benci ɗaya sai ka ga mai imani da Allah, da mai cewa shi bai sani ba, da mai cewa sam babu, suna leƙa littafin waƙa guda. Fastonsu mace ce, Rabaran Thea Lindgren, matashiya mai sanyin murya, wadda har yara da sunanta suke kiranta. Duk Lahadi da magana ɗaya take buɗe sujada: ko kai wane ne, ko me ka ɗauko a kanka, shigo, akwai wurinka. Can tsakiyar sujada kuma a kan ajiye makirufo kusa da wani faranti mai yashi, duk mai farin ciki ko baƙin ciki ya fito ya kunna kyandir ya kafa, ya faɗi abin da ke ransa, jama'a su amsa masa da cewa suna tare da shi. Loretta ta fi son wannan lokacin a kan wa'azin kansa. A nan take jin gidan da za ta leƙa cikin makon.

Mijinta Doyle likitan dabbobi ne da ya yi ritaya, dogo mai manyan hannaye, wanda shanun yankin suka fi mutanensa sanin muryarsa. Ba ɗan jihar nan ta Vermont ba ne. Daga tsaunukan Tennessee ya gudo yana saurayi, gudun mahaifinsa, wani mai wa'azi da ke dukan mumbari har hannunsa ya kumbura, wanda bai taɓa kallon ɗan Adam ba tare da ya hango masa wuta ba. Doyle ya baro gidan da tsohuwar jaka ɗaya, bai koma ba sai ranar jana'izar tsohon. Idan aka tsokane shi a kan ya hau ya yi wa'azi ranar da fasto ba ta nan, sai ya yi dariya ya ce ai shi ya sha wa'azin da zai ishe shi har kabari. Waƙa kawai yake yi a cikin mawaƙa, da muryar nan tasa mai kauri. Shi ya dasa itatuwan tuffa da ke bayan cocin, shi ke hawa rufi in ƙanƙara ta yi masa nauyi, kuma tun aurensu Loretta ba ta taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba.

Mantuwar a hankali ta shigo. Da farko sunaye ne suka riƙa ɓace masa. Sai wata rana ya ɗauki jakar aikinsa ya tafi duba saniya a wata gona da aka daɗe da sayarwa, ya tarar da gidan baƙi a inda garke yake a da, ya tsaya a tsakar gidansu yana tambayar ina aka kai masa marar lafiya. Daga nan Loretta ta ɓoye makullin mota. Harshensa ma ya soma juyawa, lafazin mutanen tsauni da ya binne tuntuni ya dawo, ya riƙa rera wasu waƙoƙi na jini da hisabi waɗanda ba ta taɓa jin su a bakinsa ba.

Gaskiya 'yan coci sun yi ƙoƙari a farko. In ya ɗauki wata waƙa daban ana tsakiyar wata, sai a yi murmushi a bar shi. Alden Foss, shugaban majalisar coci, shi ke riƙe masa hannu a matakala. Akwai ma wadda ta kunna kyandir ta ce Doyle yana koya musu haƙuri, ta gode masa. Loretta ta ji daɗin maganar har ta maimaita wa 'yarsu Noelle a waya.

Corliss Whitcomb ƙawar Loretta ce ta kusa. Ɗanta guda ɗaya, Ansel, ya kashe kansa a farkon kaka, yana tsakiyar samartaka. Loretta ce ta fara isa gidan, ita ta share ɗakin, ita ta tare a wajenta har sai da ta soma cin abinci da kanta. Da shekara ta zagayo, Corliss ta fito ranar Lahadi ta kunna masa kyandir.  Ta ce yau shekara guda, ta ce ba ta san inda yake ba, amma tana fatan ya huta. Jama'a suka buɗe baki za su amsa.

Sai Doyle ya miƙe.

Loretta ta kama gefen rigarsa, ya fizge. Ya nuna Corliss da yatsa, kuma muryar da ta fito daga bakinsa ba tasa ba ce, wata murya ce mai amo da ba ta buƙatar makirufo.

"Babu hutu ga wanda ya ɗauki ransa da hannunsa," in ji shi. "Ɗanki yana cikin wuta, baiwar Allah. Yanzu haka yana ci, yana kiran sunanki. Kina ina lokacin da Shaiɗan yake raɗa masa?"

 Kyandir ɗin ya faɗi a kan yashi ya mutu. Corliss ba ta yi kuka ba, kallonsa kawai take yi baki buɗe, kamar wadda aka watsa wa ruwan sanyi. Alden da wani suka riƙe Doyle ta kowane gefe suka yi waje da shi, yana ta jero ayoyi. Kafin su kai mota ya manta komai. Ya tambayi Loretta ko yau akwai burodin masara.

Ranar Laraba Thea da Alden suka zo gida, ɗauke da burodin kabewa mai ɗumi. Suka zauna a kicin, Doyle yana falo yana kallon tsuntsaye ta taga. Thea ta daɗe tana kewaye-kewaye. Ta ce kowa ya san ciwo ne, ba wanda ke zargin Doyle, duk suna ƙaunarsa. Amma akwai mutane a cocin da irin wannan muryar suka gudo, wasu ba su yi barci ba tun ranar, wata uwa ma ta ce ba za ta sake kawo 'ya'yanta ba. Majalisa ta zauna, ta ga zai fi kyau Doyle ya riƙa bin sujada daga gida ta kwamfuta, a kuma raba ranakun Lahadi tsakanin 'yan coci, kowane mako wani ya zo ya zauna da shi don Loretta ta samu zuwa.

Loretta ta ce za su zauna a can baya kusa da ƙofa, ta fita da shi kafin a zo wajen kyandir. Alden ya kalli kofinsa ya ce sun tattauna wannan ma, amma ganinsa kaɗai zai iya tayar wa Corliss da ciwo.

"Ba korarsa muke yi ba, Loretta," in ji Thea, ta ɗora hannunta a kan nata. "Ina so ki ji ni da kyau. Na ɗan lokaci ne."

"Har yaushe?"

"Har mu ga yadda jikin zai yi."

Loretta ta kai mutane asibiti da yawa, ta san ciwon da ke sauƙi da wanda ba ya yi. Ita ma Thea ta sani. Abin da ya fi cin ran Loretta shi ne ba ta da bakin musu. Ta ga fuskar Corliss da idonta. Da mijin wata ne ya yi haka, da wataƙila ita za a aiko da burodin. Ta yi musu godiya, ta raka su har bakin mota.

Lahadin farko mutum ya zo, na biyu ma haka. Wani malamin makaranta mai ritaya ya zo da littafi zai karanta wa Doyle, Doyle ya yi masa wa'azi a kan mazinata har sai da ya fita tsakar gida ya tsaya. Wata kuma tana zaune da shi ya yi fitsari a wando, ta rasa yadda za ta yi, ta kira Loretta a waya ana tsakiyar waƙa. Daga nan uzuri ya fara yawa. Wannan jikarta za ta zo, wancan bayansa ya riƙe, wani ya ce a gaskiya shi bai da horon irin wannan aikin, yana tsoron kada ya yi ɓarna. Duk da ladabi suke faɗa, duk da baƙin ciki a muryarsu. Kafin ganyen itatuwan mapul ya gama zubar kaka, Loretta ta daina tambayar wa ke da ranar.

Amma wayarta ba ta daina ƙara ba. A kira ta a tambaye ta wa zai iya kai tsoho wane wankin ƙoda, me wance take iya ci bayan aikin da aka yi mata, ina aka ajiye keken guragu na coci. Tana amsawa, wayar maƙale a kafaɗa, hannu ɗaya yana goge wa Doyle baki. Miyar ma ba ta daina ba. Sai dai yanzu zuwa ake yi a karɓa a bakin ƙofa, mota a kunne, a rungume ta, a ce a gaida Doyle. Yana zaune a falo, taku kaɗan daga inda suke tsaye.

Ranar Lahadi takan ajiye kwamfuta a teburin kicin. Gidansu ba shi da nisa da cocin, sai ta ji ƙararrawa ta taga kafin ta ji ta a kwamfutar. Kusan kowane mako sai wani ya kunna kyandir saboda Loretta da Doyle, waɗanda suke cikin zukatansu, jama'a su amsa cewa suna tare da su. Wata rana Doyle ya ji an ambaci sunansa, ya leƙo fuskar kwamfutar ya tambaye ta ko wannan Doyle ɗin mutuwa ya yi.

Lahadin da ke gaban bikin godiya na ƙarshen kaka babbar rana ce a cocin. Kowa kan kawo burodin gidansu a yanka a raba, a sha ruwan tuffa, a yi maganar amanar da aka riƙe cikin shekara. Thea ta kira Loretta ta ce bana ita za a karrama, don haka dole ta zo, kuma an sami wanda zai zauna da Doyle. Ba ta faɗi ko wane ne ba, muryarta dai cike da murna kamar mai ɓoye kyauta.

Da safe aka ƙwanƙwasa, Loretta ta buɗe, ta ga Corliss.

Tun ranar nan ba su haɗu ba. Loretta ta sha kiranta ba ta ɗauka, ta sha ajiye mata abinci a bakin ƙofa. Corliss ta rame, rigar sanyin ta yi mata yawa. Ta ce ita ce ta nemi a ba ta ranar. Loretta ta ji ƙirjinta ya buɗe karon farko a cikin watanni, ta rungume ta tana ba ta haƙuri, Corliss ta ce ta yi sauri kada ta makara. Loretta ta nuna mata inda maganinsa yake da wandunan canji, ta saka rigarta mai ruwan toka, ta haura tudu da ƙafa tana share ido.

Cocin ya cika, ƙamshin burodi ko'ina. Aka yi ta rungumarta, ana cewa an yi kewarta, ana tambayar Doyle da murya ƙasa-ƙasa. Thea ta yi wa'azi mai daɗi ƙwarai. Ta ce amana ba ginin coci ba ce kawai, ba rufi da tagogi ba, mutanen da ke ciki su ne amanar, kowa an ba shi ajiyar ɗan'uwansa. Ta ce yau ma, a daidai wannan lokacin, akwai wata a cikinsu da ta tsallake ciwonta ta je ta zauna da wanda ya ji mata ciwon, kuma wannan shi ne cocinsu. Mutane suka yi ta gyaɗa kai, wasu suna neman hankici.

Sannan aka kira Loretta gaba. Aka warware wani bargo da matan coci suka ɗinka, kowace da ƙyallenta, aka yafa mata a kafaɗa. Jama'a suka miƙe suna tafi. Ta tsaya tana kallonsu, fuska bayan fuska. Ga wanda ta wanke wa amai, ga wadda ta riƙe wa hannu ana cire mata zaren ɗinki, ga wanda ta kwana a kujerar asibiti saboda matarsa. Aka miƙa mata makirufo.

"Na gode," in ji ta. "Bargon yana da kyau. Gidanmu dai yana inda kuka san shi, a gindin tudun nan. Ƙofar ba a kulle take ba."

Ta ɗauka za a yi shiru irin na kunya. Sai ta ji wani gunaguni mai daɗi ya bi cocin, irin wanda ake yi in yaro ya faɗi abin ban sha'awa. Wata ta dafe ƙirji. Alden ya ce wa na kusa da shi, a bayyane har Loretta ta ji, wai ka ga Loretta, kullum ƙofarta a buɗe. Aka sake tafi.

Ba ta tsaya rabon burodi ba. Ta naɗe bargon a hammata ta gangara gida, ta shiga ta ƙofar kicin. Tana cire takalmi ta jiyo muryar Corliss daga falo, ƙasa-ƙasa, tana maimaita magana ɗaya kamar mai lallashin yaro.

Ta leƙa. Corliss tana durƙushe a gaban kujerar Doyle, ta riƙe wuyan hannayensa biyu.

"Ka ce ba gaskiya ba ne. Doyle, dube ni. Ka ce ba ya cikin wuta. Kai ka faɗa, kai za ka janye."

Doyle yana kallonta da fara'a, irin wadda yake yi wa masu kawo masa dabba. Ya tambaye ta ko ta zo da karen, ya ce in dai amai ne kada ta ba shi komai sai ruwa. Corliss ta girgiza shi, kansa ya yi baya ya bugi kujera.

Loretta ta shigo ta kira sunanta. Corliss ta saki hannayen, shatin yatsunta ya fito ja a fatarsa. Ba ta tashi ba, ba ta kuma ji kunya ba. Ta ce ita fa ba ta ma yarda akwai wata wuta ba, tun tana budurwa ta bar wannan. Amma tun ranar nan, da ta rufe ido sai ta ga Ansel a ciki. Ta je wajen Thea, Thea ta ce babu wuta. Ta je wajen likita, ya ba ta ƙwaya. Kowa sai ya ce mata ciwo ne ya yi magana, kamar ba ta sani ba. Amma kunnenta ya riga ya ji, kuma daga bakin Doyle ya ji, mutumin da ya koya wa Ansel riƙe ɗan maraƙi.

"Ba shi ya faɗa ba," in ji Loretta. "Ubansa ne. Shi kuwa ya mutu tun ba a haifi Ansel ba."

"To wa zan tambaya?"

Loretta ta juya wajen Doyle. Ta duba ta ga wandon Doyle ya jiƙe har kujera, kuma ya daɗe da jiƙewa, don ya yi sanyi. Ba a ba shi magani ba. Ta jefa bargon a kan tebur, ta sa hannu a hammatarsa za ta ɗaga shi, nauyinsa ya rinjaye ta. Corliss ta miƙe ta kama ɗaya gefen. Suka kai shi banɗaki tare, Corliss ta kawar da kai tana riƙe da shi har aka gama canza masa. Da suka mayar da shi kujera sai ta ɗauki rigar sanyinta. A bakin ƙofa ta ce ba don ta taimaka ta zo ba, gara Loretta ta sani. Loretta ta ce ta sani. Ba ta sake zuwa ba, kuma a coci aka ci gaba da ba da labarin yafiyarta har sabuwar shekara.

Noelle ta zo hutun Kirsimeti daga jihar Oregon, ta ga uwarta ta zama ƙashi da fata, ta ga ƙujewa a gwiwar mahaifinta inda ya faɗi a banɗaki. Ta tambaye ta ina 'yan cocin da aka raine ta a cikinsu. Loretta ta ce kowa da hidimarsa, kuma ta ji haushin kanta da ta kare su. Noelle ce ta yi zirga-zirgar da aka samu gado a gidan kula da tsofaffi a garin da ke gaba. Ranar da aka kai shi ya ɗauka wajen aiki aka kawo shi, ya bi ɗakuna yana tambayar wa ke da dabba marar lafiya. Ma'aikatan wurin, waɗanda ba su san ko shi wane ne a da ba, in ya fara wa'azi sai su ce amin su ci gaba da gyara gado. Loretta na zuwa kullum. Thea ta zo sau ɗaya, ta riƙe masa hannu, ta yi kuka na gaske.

Ya rasu lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa, hanyoyi duk taɓo. Aka ƙona gawar kamar yadda ya daɗe da cewa a yi, aka sa ranar taron tunawa da shi a coci. Loretta ta so a yi a gida, Noelle ta ce Baba ya yi wa cocin nan bauta, a bar su su yi masa.

Ba a taɓa cika cocin kamar ranar ba, har da manoma da takalman gona a tsaye a baya. Aka ajiye tulun tokarsa a gaba, kan tebur mai farin ƙyalle, furanni kewaye da shi. Mutane suka yi layi a makirufo. Wani ya tuna yadda Doyle ya kwana a garkensa saboda saniya mai naƙuda, wata ta ce duk tuffar da yaran coci suka ci daga hannunsa ta fito. Mawaƙa suka bar gurbinsa a tsakaninsu, suka rera waƙar da yake so. An yi dariya, an yi kuka. Ba wanda ya ambaci watannin ƙarshe. Loretta tana zaune a gaba tana kallon tulun, tana tunanin ga shi dai an samar masa wuri, har ma a gaban kowa. Corliss ba ta zo ba.

A wajen cin abinci tebura sun cika har ba wurin ajiye kofi. Alden ya same ta a gefe, Thea na biye da shi. Ya ce majalisa ta koyi darasi mai yawa daga abin da ya faru, sun ga akwai inda suka gaza. Don haka za su fara wani zama na wata-wata a kan yadda coci zai karɓi masu ciwon mantuwa, za a gayyato masana, kuma suna so su sa wa shirin sunan Doyle, in ta amince. Thea ta ƙara da cewa kwamitin kula da juna ya yi rauni tun da ta ja baya, suna fatan in ta huta za ta dawo.

Loretta ta ajiye farantin da wani ya cusa mata a hannu, ba ta taɓa komai a kai ba.

"Ku sa sunan nasa," in ji ta. "Ai yanzu ba zai tashi ya yi magana ba."

Wannan karon sun gane. Fuskar Alden ta yi ja. Loretta ta nemi Noelle ta ce ta ɗauko tulun su tafi. Da aka ce ai an yi niyyar zuba tokar a bayan coci, ta ce a'a, gida za ta kai shi.

Noelle ta koma bakin aikinta. Gidan ya yi wa Loretta faɗi. Ranar Lahadi in ƙararrawa ta kaɗa takan kunna rediyo. Thea ta kira ta sau da yawa, ta bar mata saƙonni masu tsawo na neman gafara, kuma Loretta ta san da zuciya ɗaya take yi. Ta saurare su duka, ba ta mayar da ko ɗaya ba.

Wata safiya ta farkon bazara wayar ta yi ƙara, ta ga Harriet Dunphy ce, mai kaɗa fiyano a coci, wadda ba su taɓa wata shaƙuwa ba. Harriet ta yi ta gaisuwa da maganar yanayi. Sannan ta koma raɗa. Ta ce mijinta Milo jiya ya tsaya a kicin ɗinsu ya tambaye ta ina matar gidan. Ta ce ba yau ya fara ba, tun kafin Kirsimeti take lura, ita ke rufa masa asiri a coci, in an yi masa tambaya ta riga shi amsawa. Yanzu kuma ya fara zagi, Milo da ko ƙuda ba ya iya kora da faɗa.

Loretta ta tambaye ta ko ta gaya wa Thea.

"A'a," in ji Harriet da sauri. "Don Allah kada ki faɗa wa kowa a can. Yana son zuwa coci, Loretta. Shi kaɗai ya rage masa."

Loretta ta tsaya riƙe da wayar tana kallon tudu ta taga. Ta ce ba za ta faɗa ba. Ta tambaye ta ko Milo ya karya kumallo, ko ita kanta ta ci wani abu, ko ta ɓoye makullin mota. Harriet ta ce makullin yana rataye a inda yake kullum. Loretta ta ce ta sauke shi yanzu ta sa a aljihunta, ga ta nan zuwa, kuma ta ƙofar baya za ta shigo don kada maƙwabta su ga motarta.